Shirin talabijin kan kantunan zamanin gyaɗa: ta ina za mu fara?

Ɗan Tasha:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a nan ƙasar Ringim tana son ɗaukar shiri mai kashi shida don talabijin, a kan yadda ake ciniki a bakin tashar jirgin ƙasa lokacin da gyaɗa ke tashe. Abin da ya ja ra'ayinmu wani shiri ne da BBC ta nuna a 2010, Turn Back Time: The High Street. An kai 'yan kasuwa na gaske garin Shepton Mallet a Ingila, da mahauci da mai burodi da maƙeri da mai kayan masarufi, aka mayar musu da shaguna irin na shekarun 1870, kowane kashi a matsa zuwa wani zamani har aka dire a shekarun 1970, mutanen gari kuma suna shiga suna sayayya. Irin wannan muke so mu yi da namu tarihin, amma aljihun ba nauyi. Wane zamani ya kamata mu ɗauka? Wane irin kuɗi za a riƙe, me za a jera a kanta, kuma yaya za mu ɓoye alamun zamanin yau? Iyayenmu da yayyenmu masana, a taimaka.

Malam Akawu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ku sayi ko allura, ku tsayar da shekara mai lamba. Yawancin irin wannan aiki a nan yake karyewa: a ce "zamanin da" kawai, sai ka ga mutum na zancen yaƙin Hitila yana ƙirga kuɗin 1959, ko tuta kore da fari na kaɗawa a garin da aka ce Bature ke mulki. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Reshen da ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya kai Nguru a 1930. Saboda haka duk wani labarin kanti a bakin tasharku bayan wannan yake.

Zamani shida irin na Turawan ya fi ƙarfinku. Ku ɗauki biyu, kashi uku-uku: kakar 1957 da farkon 1973. A 1957 Sarki Sanusi ne a gadon sarautar Kano, Sardauna ne Firimiyan Arewa, Ringim kuma gunduma ce mai hakimi a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, ta Kano. Babu Jihar Kano sai 1967, balle Jigawa da aka yi a 1991, don haka kada allon kanti ko bakin wani ɗan wasa ya ambace su. Mai tsaron kasuwa ɗan doka ne na En'e.

Sai kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan shirin. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, wato fam kwabo 240. Tsakani akwai anini, wanda goma suke yin kwabo. Ɗari, rabin kwabo. Taro, kwabo 3. Sisi, kwabo 6. Fataka, sule 2. Nai, wato kwabo 9, lissafi ne a baki, ba ta da ƙarfen kanta: sisi da taro ake haɗawa. Anini da ɗari da kwabo duk masu huda ne a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a baya. A 1957 kuɗin na Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma ne, mu da Saliyo da Gambiya iri ɗaya muke kashewa, kuma sulen wancan lokaci ruwan tagulla ne mai bishiyar kwakwar manja a bayansa, wasu da kan Sarki Joji na shida. Kuɗin da aka rubuta Najeriya a jikinsu sai 1959, da Babban Banki ya fara aiki. Su ne masu taro mai kusurwa 12, kuma babu anini a cikinsu. Masu sayar da tsofaffin kaya a Kurmi sukan zube su wuri guda, to ku zauna ku ware ta shekarar da ke jiki.

Ba ku buƙatar da yawa. Na gaske guda 30 zuwa 40 sun isa duk inda kyamara za ta matso kusa da tafin hannu. Sauran ku sayi wasa ta ƙarfe, wato faifan ƙarfe mai huda da ake sa wa noti, wurin masu kayan gini, a shafa mata fenti ruwan tagulla, ta cika akwati. Jakar kuɗi kuma a yi ta da nauyinta. Jaka fam 100 ce, sule 2000, ta haura kilo 11. Daga nan ne ma har yau ake ce wa naira 200 jaka. In yaron kanti ya ɗauke ta da yatsa biyu, duk dattijon da ke kallo zai yi dariya.

Ku horar da masu riƙe kanti lissafin goma sha biyu na aƙalla mako biyu. Misali kawai: yadi 3 a kan sule 2 da taro, sule 6 da nai ke nan, an ba ka takardar sule 10, canji sule 3 da taro. Mai kanti na gaske ba ya tsayawa tunani a kan wannan. Ɗan wasan da ya ɗaga kai sama yana ƙirga da yatsu ya riga ya tona asiri.

Dalilin da na ce 1973: ranar 1 ga Janairu aka shigo da naira, fam ɗaya ya koma naira 2, sule ya koma sabon kwabo 10. Tsohon kwabo 12 ya zama 10, ga gardama kyauta a bakin kanta, ba sai marubucinku ya ƙirƙiro rigima ba. Ga kuma fari na waɗannan shekaru, gyaɗa ta fara ja da baya.

Hajiya Mai Koli:

Malam Akawu ya gama da kuɗi, bari in shiga kanta. Ɗana, abu na farko, kada ku kwafi tsarin Ingila kai tsaye. Su titi guda ne mai shaguna a jere, kullum a buɗe. Mu cinikin ƙauye a kasuwa yake, ita kuma ranarta take ci, kamar yadda har gobe Gujungu ke ci Lahadi, Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a. Mahauci da maƙeri da baduku da mai hatsi a rumfa suke, kowa da layinsa, Sarkin Kasuwa na sama da su. Kanti kuwa wurin kayan Turawa ne, na kamfani irin su UAC da John Holt da CFAO, ko na Kwara, wato Larabawan Lebanon da Sham, ko na wani attajirin gari da ke saro kaya daga Kano. Kanti ɗaya da rumfuna shida ko bakwai a gefensa ya fi kama da gaskiya a kan kantuna biyar a jere.

Abin da ke cika kanta yadi ne: akoko, alawayyo, atamfa, bargo. Ba sai kun sayi bandir cikakke ba. A yanka katako ko kwali mai kauri, a naɗe shi da yadi biyu, a jera guda 40, daga nesa ba mai ganewa. Uku kawai za su zama na gaske, waɗanda za a warware a auna da sandar yadi mai inci 36. Ku guji atamfa mai ƙyalƙyali da shadda mai maiƙo. Sannan gishiri, sukari mai ƙwaya a kwali, sabulu mai tsawo da ake yankawa gunduwa-gunduwa, ashana, taba sigari da ake sayarwa kara-kara, bula, allura da zare, madubi, reza, kwaɗo, fitilar ƙwai da lagwani, tocila, langa da fanteka masu fure, jar dara. Turaren Bintu Sudan ya halatta, tun 1920 yake. Keke Raleigh guda ɗaya a jingine, sabo, shi ne abin da samari za su riƙa leƙe. Kananzir a garwa yake zuwa, mai cin galan 4, a auna da kwalba da mazurari. Ku zuba ruwa a madadinsa. Ɗaki a rufe, ga fitilun ɗaukar hoto da zafi, ba wurin wasa da kananzir ba ne.

Abin da zai kashe ku shi ne roba. Baƙar leda, bokitin roba, butar roba, silifa, jarka, buhun leda, igiyar nailan: ko ɗaya kada ya shiga. Ana ƙunshe kaya a takarda, ko ganye, ko mai saye ya miƙo ƙwarya ko bakin zanensa. In kuna son takardar ƙunshi mai ma'ana, ku nemi hoton shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarar, jaridar da ta fara fitowa daga Zariya a 1939, ku buga a takarda mara sheƙi. Tallace-tallacen da ke ciki za su nuna muku yadda kwalaye da tambura suke. Takardar kwali da aka buga yau takan fito fari tas tana walƙiya; a shafa mata ruwan shayi da auduga, a shanya a inuwa, don rana na sa ta kanannaɗe.

Rumfar ɗan koli daban ce: tsakiya, murjani, kwalli, tozali, kanumfari, citta, masoro, zobba. Mai goro yana ƙirga da ƙwarya, wato goro 100, yana yayyafa wa huhunsa ruwa. Goro kan bushe ya canza launi cikin yini biyu in an bar shi a buɗe, to in fage ɗaya zai ɗauke ku kwana uku, a riƙa mayar da shi cikin jiƙaƙƙen algarara kowace yamma. Kayan miya daddawa ce da kuka da kuɓewa busasshiya, zaƙi kuma mazarƙwaila.

Sutura: a 1957 babu hijabi irin na yau, zane ne da kallabi da mayafi. Matan aure masu kulle ba sa zuwa kanti, yara ake aika ko dillaliya ta kai musu kaya har ɗaki. Matan da za a gani a kasuwa tsofaffi ne, da 'yan mata masu talla, da Fulani masu nono. Manomi ɗan ƙauye 'yar shara ce ko taguwa, sau da yawa ba takalmi ko da faɗe na fata. Babbar riga mai aska ta attajiri ce, kuma aikin hannu, don aikin injin zamani ana gane shi ko daga bayan fage. Kayan da tela ya ɗinka jiya a wanke su sau uku, a jiƙa a ruwan shayi, a ba mutum ya yi kwana biyu yana aiki da su.

Mai Kyamara:

Yaya Ɗan Tasha, ni ta fannin ɗauka zan yi magana. Kada ku ɗauka a cikin garin Ringim. Wayoyin lantarki, dogon ƙarfen sabis, rufin kwano mai launi, hasken sola, duk za su shigo, kuma goge su a kwamfuta ya fi gina fage tsada. Ku nemi ƙauyen da ke nesa da kwalta da kamar kilomita 5, mai ginin ƙasa da rumbuna, ku fara da gaisuwa wurin dagaci da mai unguwa. Wurin da ya yi kyau da safe ku koma ku gan shi da yamma, ku tsaya shiru minti goma kuna saurare. Injin niƙa da babur da lasifika su ne abokan gaba. Ido ana iya kautar da shi, kunne ba a iyawa. Mai injin niƙa a biya shi kuɗin yininsa ya kashe, a tsayar da yara biyu a kan hanya su riƙa roƙon masu babur su gangara da shi a kashe.

Kanti: ɗakin ƙasa mai kamar ƙafa 14 da 18, da baranda. In za a sa kwano, a nemo tsoho mai tsatsa, sabo yana mayar da hasken rana cikin kyamara. Kanta ta katako mai tsayin ƙugu, ta raba mai kanti da masu saye, kaya duk suna bayanta, mai saye ba ya ɗauka da hannunsa. Matsalar irin wannan ɗaki duhu a ciki, ƙofa kuma fari fat. In ka daidaita don fuskar mai kanti, waje ya ƙone. In ka daidaita don waje, fuska ta ɓace. Maganinsa a cire falle ɗaya na rufi a shimfiɗa farin akoko a gurbin, haske ya sauko a tausashe, sannan a sa zana a baranda ta rage na ƙofa. Janareta a kai shi nesa da mita 50 a bayan katanga.

Lokaci: Nuwamba zuwa Janairu. Shi ne ainihin lokacin cinikin gyaɗa, gonaki sun bushe kamar yadda labarin ke buƙata, hazo kuma yana ɓoye abin da ke nesa. Sai dai hazon yau ba na gobe ba ne, don haka duk fagen waje a gama shi a yini ɗaya. Saboda ƙura kuma a rufe kyamara da zane tsakanin ɗauka.

Kafin kowace ɗauka mutum ɗaya ya bi layi yana duba jama'a: agogo, tabarau, zoben azurfa na zamani, askin gaye, da shatin waya a aljihu. Wayoyi a tara su a kwando. Mota kuwa, in kun samo tsohuwar lori, a 1957 hannun hagu ake bi, an koma dama ne a Afrilun 1972. To a kashin farko hagu, a na 1973 dama. In babu lorin, jakuna da mangala da raƙumi ɗaya sun wadatar, sun ma fi arha.

Baba Dillali:

Yara kun yi ƙoƙari, amma duk kun tsaya a kan kanta kun bar sikeli, alhali kuɗin da ake kashewa a kanti daga sikeli yake fitowa. Manomi ya kawo gyaɗa, a auna, a biya shi, ya juya ya shiga kanti ya sayi akoko da gishiri. Sau da yawa mai sikelin da mai kantin ubangidansu ɗaya. In shirinku bai nuna wannan zagaye ba, kun nuna shago ne kawai.

Ga yadda abin yake a 1957. Hukumar ciniki ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita ke yanke farashi a farkon kaka. Ita ba ta saye daga manomi, wakilai masu lasisi ke saya mata, da kamfanonin Turawa da Kwara da 'yan ƙasa irin gidan Alhassan Ɗantata, wanda shi ya rasu a 1955. Wakili ya ba yaransa jari, su bazu ƙauyuka, wasu tun da damina sun ba manomi bashi a kan gyaɗar da ba a cire ba. Ga 'yan baranda suna tare jakuna tun kafin su iso. Ɓararriyar gyaɗa ake saye. Wadda aka ɓare a turmi takan farfashe, shi ya sa a shekarun nan aka shigo da injin ɓara na hannu, ana ƙara kuɗi a kan mai ƙwaya lafiyayya. Awo da laba ne, tan ɗaya laba 2240, kimanin buhu 13. Ba kilo. Buhu na algarara, a ɗinke baki da basilla, ma'aikacin duba inganci ya soka ƙarfensa ya zaro samfur ya duba tsakuwa da ruɓaɓɓiya.

Dalar gyaɗa kada ku taɓa ta. Babba takan ci buhu dubu goma sha biyar, kuma ta samu ne don jirgi ya kasa kwashewa da wuri. Buhu 60 a jere hawa huɗu, a ja tamfol a rufe gefe ɗaya, a ɗauka daga ƙasa, ya isa. Ku cika su da ɓawon gyaɗa, amma waɗanda 'yan dako za su ɗauka a zuba musu yashi kamar kilo 30 a ciki. Buhun ɓawo zalla yana rawa a kai, tafiyar mai ɗauke da shi ma ba ta nuna nauyi.

Hajiya, a wuri ɗaya zan saɓa miki. Kin ce kanti na kayan Turawa ne kawai. A 1957 haka ne galibi, amma a wannan shekarar masaƙar Kaduna ta fara aiki, to kantin 1973 dole a ga akokon gida da kwanukan da ake bugawa a Kano, ga rediyo mai batir a kan kanta. Wannan canji shi zai nuna wa mai kallo an shekara goma sha shida, ba furfurar da za a shafa wa ɗan wasa da alli ba.

Sai baki. Ba a rubuta farashi a jikin kaya a rumfa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta hawa har ya ce na sallama. Bayan an biya a nemi gyara. Dillali ya karɓi la'adarsa. Ma'auni ya cika mudu ya yi masa tozo, ya tare da hannu. Gaisuwa kafin ciniki ba a gajarta ta: gajiya, iyali, sanyi, kasuwa. Kuma kalmomi irin su kwastoma da oga da ciyaman a cire su daga bakin kowa. Ku zaunar da tsofaffi uku da suka haura 80, ku karanta musu rubutun, duk inda suka yamutsa fuska ku sa alama.

Ɗan Tasha:

Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya, Malam, da ɗan'uwa Mai Kyamara. Mun karɓi shawarar zamani biyu. Saura abu ɗaya: muna so ranar ƙarshe ta kowane zamani mu buɗe wa mutanen ƙauyen su yi sayayya ta gaske, ba rubutu. Yaya za a yi da kuɗin, tunda naira ce a hannunsu?

Malam Akawu:

A kafa teburin canji a bakin shiga, inda kyamara ba ta gani. Ku ɗauki mudun gero ya zama ma'auni. Ku samo farashinsa na kakar 1957, daga bakin tsofaffin da Baba ya ambata ko daga rahotannin Lardin Kano da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ku raba farashin yau da shi, abin da ya fito shi ne kuɗin kwabo ɗaya. Sauran kaya a bi wannan. Za ku tarar yadi da sukari sun yi tsada ƙwarai idan aka gwada da hatsi, kada ku gyara, haka abin yake, kuma fuskar mai saye in ya ji farashin ita kuke nema.

Kada ku saki kuɗin gaske ga jama'a, rabi ba zai dawo ba, kowa zai so ya kai wa kakarsa ta gani. Wasa iri huɗu ta isa: ƙarama taro, matsakaiciya sisi, babba sule, mai faɗin huda kuma kwabo. A buga wa kowace alama da ƙusa don kada wani ya sayo tasa a kasuwa ya shigo da ita. A ƙayyade wa kowane mutum abin da bai wuce sule 5 ba, a shigar da mutum 15 a lokaci guda, in ba haka ba kanta za ta ƙare kafin azahar. Wanda ya shigo a sanar da shi za a nuna fuskarsa a talabijin, ya amince, yara kuma sai da izinin iyaye. A tanadi 'yar shara da mayafi kamar 30 a teburin don masu shigowa da rigar ƙwallo. Wanda ya fito da ragowar ƙarfe a mayar masa da nairarsa a kan farashin da ya canza, akawu biyu su ƙirga akwati da yamma.